Haɗa kwamfutar tebur tsakanin sharuɗɗan Windows 11 da tsadar RAM

Labarai biyu ne suka zo a jere a ƙarshen shekarar 2025, suka dagula lissafin duk wanda ke tara kuɗi don ya haɗa kwamfutar tebur da kansa. Na farko, ranar 14 ga Oktoba kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, manhajar da ta fito tun watan Yulin 2015, wadda kuma har yanzu ita ce a kan ɗimbin kwamfutocin ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu. Na biyu, a daidai wannan lokaci farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya. Cikin 'yan watanni ya ninka, wasu nau'o'in ma har sau uku.

Labarin farko yana nuna wa mai saye ya guji tsofaffin kaya, na biyun kuma ya sa sababbin sun fi ƙarfin aljihu. Shi ya sa wanda ya shiga Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, zai ji shawarwari masu karo da juna, kuma kowane mai shago da hujjarsa. Kafin a auna hujjojin, sai an san sassan da ake magana a kansu.

Sassan da aikin kowanne

Furosesa shi ne ke yin lissafi da aiwatar da umarni. Kamfanoni biyu ne ke yin na kwamfutar tebur, Intel da AMD, dukkansu na Amurka. A cikin kowane furosesa akwai ƙwayoyin sarrafawa, wani huɗu, wani shida, wani goma sha shida, kuma kowace ƙwaya tana iya ɗaukar nata aikin.

Madabod shi ne babban allon da ake dasa komai a kansa. RAM kuma ma'ajiya ce ta wucin gadi, inda kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai yanzu. Ajiya ta dindindin tana kan SSD, ko kan tsohon faifan nan mai juyawa da ake kira had-dis. Mutane da yawa suna haɗa RAM da SSD a kai ɗaya saboda duka da gig ake auna su. Misalinsu kamar teburin tela ne da kantarsa: kanta tana riƙe yadudduka komai yawansu, amma wanda tela zai yanka sai ya shimfiɗa shi a tebur, in teburin ƙarami ne kuwa sai ya yi ta naɗewa yana warwarewa. RAM ne teburin.

Sai katin hoto, wanda masu sana'a ke kira girafik, mai zana abin da ake gani a allo. Sai fawa-fak, akwatin da ke karɓar wutar bango ya mayar da ita ƙaramar wutar da sassan ke iya sha. Na ƙarshe shi ne kesin da fankokinsa.

Zaɓi ɗaya ne ke ɗaure sauran

Babban abin da sabon shiga ke rasa ganewa shi ne ba a zaɓar waɗannan sassa ɗai-ɗai. Kowane furosesa yana da mazaunin da aka yi masa a kan madabod, wato soket, kuma ba ya shiga wani. Soket ɗin ne kuma ke yanke irin RAM ɗin da za a saya. Saboda haka wanda ya zaɓi furosesa, ya riga ya zaɓi abu uku ko bai sani ba.

Soket huɗu ne ke yawo a kasuwa yanzu. AMD yana da AM4, wanda ya fito a 2016 kuma ya ɗauki jerin Ryzen tun daga na 1000 har na 5000, da nau'in RAM mai suna DDR4 kaɗai yake aiki. Magajinsa AM5 ya zo a Satumbar 2022, yana ɗaukar Ryzen 7000 da 8000 da 9000, kuma sabon nau'in RAM, DDR5, kaɗai ya sani. A ɓangaren Intel akwai LGA1700 na furosesocin zubi (wato jerin fitowa) na 12 da na 13 da na 14. Shi wannan yana da madabod iri biyu, mai DDR4 da mai DDR5, amma allo ɗaya ba ya ɗaukar duka biyun. Sabon soket ɗinsu, LGA1851 na Core Ultra 200S da ya fito a Oktoban 2024, shi ma DDR5 ne zalla. Sandar DDR4 da ta DDR5 tsayinsu ɗaya, sai dai tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, don haka ko an danna ba ta shiga.

Ko soket ya dace, akwai wani tarkon. Madabod ɗin da aka ƙera kafin furosesan ya fito, kamar B450 da Ryzen 5 5600, ko H610 na farko-farko da furosesan zubi na 14, sai an sabunta masa BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, kafin ya gane shi. In ba haka ba, fanka za ta juya amma allo zai tsaya baƙi, mutum ya ɗauka an sayar masa da mataccen kaya.

Akwai kuma batun suna. A kasuwa "i7" ya zama tamkar lambar girma, har mai saye kan ce shi dai a ba shi i7. Amma lambar da ke bayan sunan ita ce ke faɗin shekarunsa. i7-4770 ɗan zubi na 4 ne, na shekarar 2013. i3-12100 ɗan zubi na 12 ne, kuma duk da ƙaramin sunansa ya fi wancan sauri nesa ba kusa ba. Harafin ƙarshe ma yana da ma'ana. Furosesan da ya ƙare da F ba shi da na'urar hoto a cikinsa, dole sai da katin hoto daban. A AM4 kuwa akasin haka ne: mai G a ƙarshe, kamar 5600G, shi ne mai hoto a ciki, sauran babu.

Me Windows 11 yake nema, kuma me ya faru da Windows 10

Daina kula da Windows 10 ba ya nufin kwamfuta za ta ƙi tashi. Za ta ci gaba da aiki kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro na wata-wata da ke toshe ƙofofin da masu kutse ke ganowa. Microsoft ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30 ko kyauta bisa wasu sharuɗɗa. Jinkiri ne na shekara guda.

Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana neman RAM gig 4 da ajiya gig 64 a mafi ƙaranci, waɗannan ba su ne matsala ba. Matsalar ita ce sharaɗi biyu. Ɗaya shi ne TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke riƙe makullan sirri na kwamfuta. Ɗayan shi ne shekarun furosesa: na Intel daga zubi na 8, wanda ya fito a 2017, na AMD kuma daga jerin Ryzen 2000 na 2018, ban da wasu ƙalilan irin su 2200G da 2400G waɗanda ƙirarsu ta tsohon zubi ce.

Game da TPM, sau da yawa ba sai an sayi komai ba. Yawancin furosesocin da suka cika sharaɗin shekaru suna da shi a ciki, a kashe yake kawai. Ana kunna shi a BIOS, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM.

Ra'ayi ya rabu a kan wannan mataki. Microsoft yana cewa tsaron zamani, musamman ɓoye bayanan faifai da kare kwamfuta tun daga lokacin da take tashi, ba ya tsayuwa sai da waɗannan sassa. Masu sukarsa, ciki har da ƙungiyoyin kare masu saye da na muhalli a Turai da Amurka, suna cewa ana tura miliyoyin kwamfutoci masu lafiya bola saboda layin da kamfani ɗaya ya ja. Duka maganganun biyu suna da tushe. Abin da ya shafi kasuwanninmu kai tsaye shi ne, kayan da ofisoshin can suka sauke nan suke gangarowa. Za a ƙara ganin kwamfutoci da madabod na zubi na 4 da na 6 da na 7 a farashi mai jan hankali, kuma dalilin arahar ke nan.

Injiniyoyi da yawa sun iya ɗora Windows 11 a kan waɗannan tsofaffin ta hanyar tsallake binciken sharuɗɗan, galibi da manhajar Rufus. Yana aiki. Sai dai Microsoft ya faɗa a fili cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin ci gaba da samun gyare-gyare. Hanya ta uku ita ce Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna gudu lafiya a tsohon inji. Sun wadatar wa mai rubutu da shiga intanet da koyon rubuta manhaja. Wanda abincinsa ke kan CorelDraw ko Photoshop ko AutoCAD kuwa, waɗannan ba a yi su don Linux ba.

Abin da ya tayar da farashin RAM

Kamfanoni uku ne ke ƙera kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin RAM na duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Sunayen da ake gani a jikin sanda, irin su Kingston da Corsair, daga wajen waɗannan suke sayen ƙwayoyin su lika a nasu allon.

A 2023 kaya sun yi wa kasuwa yawa, farashi ya faɗi, har kamfanonin suka rage ƙira don tsayar da asara. Suna cikin wannan taka-tsantsan sai buƙatar ƙirƙirarriyar basira ta taso. Manyan cibiyoyin bayanai da ke gudanar da ita suna shan wani nau'in RAM mai suna HBM, wanda ake jera ƙwayoyinsa hawa-hawa. Micron da kansa ya bayyana cewa ƙera HBM yana cin kusan ninki uku na kayan da DDR5 mai girma ɗaya ke ci. Ribarsa kuma ta fi yawa, masu sayensa suna kama kaya tun kafin a ƙera. A Oktoban 2025 OpenAI, kamfanin ƙirƙirarriyar basira, ya sanar da yarjejeniya da Samsung da SK Hynix don samar masa da RAM mai ɗimbin yawa. A Disamba kuma Micron ya ce zai rufe Crucial, sunan da ya daɗe yana sayar wa ɗaiɗaikun mutane RAM da SSD da shi, don ya mai da hankali kan manyan abokan ciniki.

DDR4 ma bai tsira ba, duk da tsufansa. A cikin 2025 kamfanonin uku suka fara janye hannu daga ƙera shi, sai ƙarancinsa ya ɗaga nasa farashin. SSD ya bi sahu, don kamfanonin da ke yin ƙwayoyinsa kusan su ne dai, masu sayen ma su ne.

Wasu masu nazarin kasuwa suna ganin abin zai daɗe, saboda gina sabuwar masana'anta yana ɗaukar shekaru da biliyoyin daloli. Wasu suna tuna cewa an ga irin wannan a 2017 zuwa 2018, farashi ya hau sosai, sannan ya rushe a 2019. Tarihin RAM dai hawa da sauka ne.

A Najeriya akwai ƙarin nauyi. Duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Tsadar duniya ta zo ta hau kan wannan. Mai saye a Maraɗi ko Damagaram bai ji wannan girgizar kamar haka ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro, amma tsadar ta asali ta same shi.

DDR4 ko DDR5

Nan ne gardamar ta fi zafi. Masu goyon bayan sabon tsari suna cewa AM4 da LGA1700 sun zo ƙarshen hanyarsu, ba wani sabon zubin furosesa da zai ƙara fito musu. Wanda ya sayi AM5 kuwa, AMD ya yi alƙawarin ci gaba da yi masa furosesa har 2027 ko bayan haka, don haka nan gaba furosesa kawai zai canza, madabod da RAM su zauna. Suna ƙarawa da cewa DDR4 zai ci gaba da ƙaranci tunda an rage ƙera shi.

Ɗaya ɓangaren yana cewa yawancin mutane ba sa canza furosesa, suna amfani da kwamfuta ne har ta gaji su sake wata. Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400, kowanne mai ƙwaya shida, ya cika sharaɗin Windows 11, kuma ya isa aikin ofis da zane da tace bidiyo matsakaici. DDR4 na hannu yana da yawa a kasuwa saboda shekarun da ya yi ana amfani da shi, kuma RAM yana cikin sassan da ba su cika lalacewa ba. Wanda ma yake da tsohuwar kwamfuta mai DDR4 zai iya cire sandunansa ya mayar a sabuwa.

Idan aka auna, hujja ta biyu ta fi nauyi ga mai ƙaramin kasafi a wannan yanayi, ta farko kuma ta fi dacewa da wanda kwamfutar ce jarinsa kuma aikinsa ƙaruwa yake yi. Bambancin saurin DDR4 da DDR5 a aikin yau da kullum ba abu ne da ido ke gani ba. Abin da ake gani shi ne yawa. Gig 8 yana ɗaukar Windows 11 amma da ƙyar idan an buɗe shafuka da yawa. Gig 16 shi ne daidai ga akasarin mutane. Gig 32 na mai tace bidiyo ne da mai zanen gini. Sanduna biyu na gig 8 sun fi sanda ɗaya ta gig 16 sauri, saboda furosesa yana ɗiba ta hanya biyu lokaci guda. Amma mai shirin ƙari nan gaba ya duba ramukan madabod ɗinsa, don masu araha irin H610 da A520 galibi biyu gare su.

Mai sha'awar Intel ya san wani abu guda. A 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu furosesocin tebur na zubi na 13 da na 14, musamman manyan i7 da i9, suna neman wuta fiye da ƙima har su lalace a hankali. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Sayen irin waɗannan na hannu kasada ce. Zubi na 12 ba ya cikin matsalar.

A batun ajiya magana gajeriya ce. Windows ya zauna a kan SSD. Had-dis yana karanta wajen megabait 200 a daƙiƙa, tsohon nau'in SSD mai suna SATA wajen 550, sabon nau'in mai suna NVMe kuma daga 3,500 zuwa 7,000 ko fiye. Tsalle daga had-dis zuwa kowane irin SSD shi ne wanda ake ji a jiki. Had-dis har yanzu yana da amfani wajen tara bidiyo da hotuna masu yawa a kan kuɗi kaɗan.

Katin hoto: wa ke bukatarsa

Shi ne sashe mafi tsada a yawancin haɗi, kuma shi ne wanda mutane da dama ba sa bukata sam. Mai aikin Word da Excel, da mai shagon buga takardu, da ɗalibi, hoton da ke cikin furosesa ya ishe su. Wanda ke bukatar kati shi ne mai wasannin zamani, da mai tace fim, da mai zane mai fuska uku, da mai gwada ƙirƙirarriyar basira a kan injinsa.

Ga waɗannan, girman ma'ajiyar katin ya zama abin muhawara. Nvidia ya fitar da RTX 5060 a 2025 da gig 8 a kan dala 299, masu gwaji da yawa suka ce gig 8 ya fara yin kaɗan. Intel Arc B580 ya zo da gig 12 a kan dala 249, AMD RX 9070 XT kuma da gig 16 a kan dala 599. Waɗannan farashin sanarwa ne, na shago yakan fi haka. Nvidia yana da fifiko ɗaya da ba ya bayyana a lamba: yawancin manhajojin zane da na ƙirƙirarriyar basira an gina su ne a kan fasaharsa ta CUDA.

Katin hannu kuma yana da tarihinsa. Har zuwa Satumbar 2022, lokacin da Ethereum, ɗaya daga manyan kuɗaɗen kirifto, ya sauya tsarinsa, an yi ta amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin kirifto dare da rana. Da abin ya tsaya sai aka juye su kasuwa. RX 580 da ke cike da shaguna da yawansu daga can suke. Ba dukkansu ne marasa lafiya ba, amma fankokinsu sun sha aiki. Jerin GTX 10, irin su 1060 da 1070, Nvidia ya daina sabunta manhajar da ke tafiyar da su don sababbin wasanni a ƙarshen 2025.

Wuta

Shawarwarin haɗa kwamfuta da ake gani a YouTube galibi daga ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa suke. A nan kuwa wuta ce ya kamata ta fara shiga lissafi, tun kafin sunan furosesa.

A fara da fawa-fak. Lambar da ke jikinsa, 450 ko 650, iyakar wat ɗin da zai iya bayarwa ce, ba abin da yake ja kullum ba. Ana haɗa abin da furosesa da kati ke sha, a ƙara na sauran sassa, sannan a bar rara. Ryzen 5 5600 wat 65 aka rubuta masa, RTX 4060 wat 115, don haka fawa-fak mai kyau na 550 ya ɗauke su da sauƙi. A can sama kuwa, i9-14900K yana kaiwa wat 253, RTX 5090 shi kaɗai 575.

Matsalar ita ce fawa-fak shi ne wurin da aka fi tsuke hannu, tunda ba ya ƙara sauri. Wanda ke zuwa kyauta a cikin kesin mai araha sau da yawa ba ya iya ba da rabin abin da aka rubuta, kuma ba shi da kariyar da za ta yanke wuta idan ta yi yawa. In ya ƙone yakan tafi da madabod ko SSD. Araha ba ta ado, a nan ma ba ta tsaro. Tambarin 80 Plus da ake gani, mai matakan Bronze da Gold da sauransu, yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da aka ja yana isa ga sassan, sauran ya zama zafi. Ma'aunin tattali ne, ba shaidar inganci ba, amma wanda ba shi da ko wannan abin tuhuma ne.

Abu biyu ke ƙona kaya nan take. Wasu tsofaffin fawa-fak suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wanda ya zo daga Amurka yakan zo a kan 115, wutarmu kuwa 230 ce, ana jonawa zai fashe. Na biyu, wayoyin fawa-fak masu cirewa ba a musanya su tsakanin kamfani da kamfani ko da bakinsu ya shiga, don jerin wayoyin ciki ya bambanta.

Sai kuɗin wutar. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit. A wannan farashi, kwamfutar da ke jan wat 400 na awa takwas tana cin yunit 3.2, wato naira 720 a rana, sama da 21,000 a wata. Mai jan wat 100 kuwa naira 180 ce a rana. A kan sola bambancin ya fi fitowa. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 irin na ruwa, abin da ake iya ɗiba ba tare da an kashe shi ba wajen yunit 1.2 ne. Babbar kwamfutar za ta shanye shi ƙasa da awa uku, ƙaramar ta kai wajen awa goma. Wanda zai saka babban kati ya sa kuɗin ƙarin batir da faranti a cikin farashin katin.

UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, ba kayan ado ba ne, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta fayil tana lalata bayanai, ana tsakiyar sabunta BIOS kuma tana iya kashe madabod. A lura cewa lambar jikinsa VA ce ba wat ba: mai 650VA abin da yake ɗauka bai kai wat 400 ba. Ƙananan UPS da inbata masu araha kuma wutarsu ba ta fita sumul kamar ta layi, wasu fawa-fak na zamani kan mutu a daidai lokacin da aka koma kansu. Inda wuta ke yawan zuwa ƙasa-ƙasa, sitabilaiza ma yana da gurbinsa.

Zafi da ƙura

Furosesa yana rage gudu da kansa idan ya kusa digiri 95 zuwa 100. Gwaje-gwajen da ake wallafawa a ɗaki mai sanyi ake yin su, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu yana wuce digiri 40. Kesin mai raga a gaba ya fi mai gilas a rufe, komai kyan fitilunsa. Lokacin hunturu kuma ƙura tana toshe fankoki, don haka kesin mai matatar ƙura da ake cirewa a wanke ya cancanci ɗan ƙarin kuɗinsa. A kuma auna girma: babban madabod na ATX ba ya shiga kesin da aka yi don ƙaramin madabod na microATX, dogon kati ma ba kowane kesin ke ɗaukarsa ba.

Wa ya kamata ya haɗa, wa ya kamata ya saya a haɗe

Ga mai aikin ofis zalla, kwamfutar kamfani ta hannu irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, mai i5 na zubi na 8 zuwa sama, takan fi haɗi araha, tana kuma shan wuta kaɗan. Rauninta shi ne da yawansu madabod da fawa-fak ɗinsu ƙirar kamfanin ce ta musamman, ba sa karɓar na kasuwa, kuma siraran cikinsu ba sa ɗaukar babban kati. Ana ƙara musu RAM da SSD, daga nan an kusa iyaka.

Waɗanda sauyin zai fi matsa wa su ne masu kwamfuta da yawa: makarantu, cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, da shagunan intanet da suka cika ɗaki da injinan zubi na 4 zuwa na 7. Sauya su gaba ɗaya kuɗi ne mai yawa, barinsu a kan Windows 10 suna jone da intanet kuma haɗarinsa ƙaruwa yake da lokaci. Masu tace fina-finai da bidiyon biki su ma abin ya same su ta fuska biyu, don RAM da ajiya ne abin da suka fi sha.

Ga wanda zai haɗa, tunda yawancin sassan hannu ba su da garanti sai na 'yan kwanakin da mai shago ya bayar, gwaji a gaban mai kaya shi ne kariya. Manhajar CPU-Z tana nuna ainihin furosesa da RAM, GPU-Z tana taimakawa wajen gane katin da aka sauya wa suna, CrystalDiskInfo tana faɗin awannin da faifai ya yi yana aiki da lafiyarsa, H2testw kuma tana tona SSD na bogi da aka rubuta masa terabait ɗaya alhali cikinsa bai kai ba. A duba ƙananan alluran soket da fitila, a jikin furosesa suke a AM4, a kan madabod suke a AM5 da Intel, domin ɗaya in ta lanƙwashe tana iya hana ramin RAM aiki. A rasit kuma a rubuta lambar kowane sashe da adadin kwanakin da aka amince za a iya mayar da shi.